GASAR KACICI-KACICI A TALABIJIN: KADA A RUFE BAKIN DA YA SAN AMSA

  

Duk wanda ya ratsa unguwarmu ta Vittin, a gefen birnin Tamale, a lokacin da gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandaren Gana ta kankama, zai ji abin da ba a saba ji a sauran watanni ba. Ƙararrawa takan kaɗa a cikin akwatin talabijin, kafin ɗaliban da ke fafatawa su gama buɗe baki sai ka ji an jefo amsa daga tsakar wani gida, wani kuma daga gidan maƙwabta ya ce ba haka ba ne. A shagon tela an ɗaga ƙafa daga keke, a wurin mai shayi an manta da ruwan da ke tafasa. Masu jin Dagbanci da masu jin Hausa duk sun zuba ido ga tambayar da aka yi da Turanci, kowa yana fassara wa na kusa da shi iyakar abin da ya gane.

Gidanmu ma yana cikin gidajen nan. Shekaru da dama muna zama a gaban wannan gasa muna amsawa tare da masu amsawa, ba a ba mu maki ba, ba a kuma ba mu kofi ba. Amma mun samu wani abu a cikinta wanda muka ga ya dace mu kawo shi gaban iyaye a wannan fili.

Mafarin gasar

Sunan gasar National Science and Maths Quiz, jama'a kuma sun fi saninta da NSMQ. An kafa ta a shekarar 1993, kuma mafarinta ma tambaya ce. Kwaku Mensa-Bonsu, shugaban kamfanin Primetime, yana filin wasan tanis na Jami'ar Gana da ke Legon tare da wasu malaman jami'a, sai ya tambaye su dalilin da ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar lantarki ya tashi lafiya, alhali kuwa mutum in ya taɓa ta sai wani ikon Allah. Aka yi masa bayani cewa wutar lantarki tana gudana ne in ta samu hanya tsakanin wurare biyu da ƙarfinta ya bambanta a cikinsu. Ƙafafun tsuntsu duka biyun a kan waya ɗaya suke, saboda haka wutar ba ta da dalilin bi ta jikinsa. Shi kuwa mutum ƙafarsa tana ƙasa, da zarar ya taɓa wayar ya zama gada tsakaninta da ƙasa. Daga wannan hira ce tunanin shirya gasar ya fito. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Kamfanin Lever Brothers ne ya fara ɗaukar nauyinta da sunan sabulunsa Brillant, shi ya sa har yanzu manya a cikinmu suke kiranta da wannan suna. Makarantar Prempeh College ta Kumasi ce ta fara ɗaukar kofin a 1994. Ba a yi gasar a 2010 da 2011 ba saboda rashin mai ɗaukar nauyi, sannan ta dawo a 2012 da goyon bayan hukumar ilmi ta ƙasa. Abin lura a nan shi ne, mata ne suka shahara da riƙe kujerar mai tambaya tun daga farko: marigayiya Farfesa Marian Ewurama Addy ce ta fara, sai Dakta Eureka Emefa Adomako, sannan Farfesa Elsie Effah Kaufmann ta karɓa a 2006.

A kowace karawa makarantu uku ne ke zama, kowace da ɗalibai biyu a kan tebur, kuma zagaye biyar ake yi. Na farko tambayoyi ne a kan ilmin halittu da ilmin sinadarai da fizik da lissafi, ana bin makarantun ɗaya bayan ɗaya. Na biyu tsere ne, wanda ya riga kaɗa ƙararrawa shi ke amsawa. Na uku matsala ɗaya ce ake ba kowa ya warware a rubuce cikin 'yan mintoci, mai maki 10. Na huɗu a faɗi magana a ce gaskiya ce ko ƙarya. Na biyar kuwa kacici-kacici ne tsantsa: ana karanto alamomin wani abu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gano shi a alamar farko ya samu maki 5, a ta biyu maki 4, daga nan kuma maki 3.

Masu karatunmu na ƙasashen da ke amfani da Faransanci ba baƙin irin wannan zama ba ne. Sun san shirin Questions pour un champion da aka fara a Faransa a 1988, wanda ya shiga gidaje da yawa a Afirka ta tashar TV5, sun kuma san gasar ɗalibai ta Génies en herbe. A nan Gana ma akwai daɗaɗɗen shirin What Do You Know na gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Duk abin da za mu faɗa a kan NSMQ ya shafi waɗannan ma.

Abin da ya faru a gidanmu

Mahaifinmu limami ne, kuma ba mai son zama gaban talabijin ba ne. Da farko in an kunna gasar yakan shimfiɗa buzunsa a gefe, ya juya mata baya yana jan carbi. Lissafi ne ya jawo shi. Mutumin da ya shafe shekaru yana raba gado, yana fitar da sudusi da sumuni da sulusi biyu daga dukiya ɗaya ba tare da ya tauye wa magaji ko kwabo ba, ba zai ji ana kasa lamba ya yi shiru ba. Wata rana ya ce a fassara masa wata tambaya, ya yi ɗan zane da yatsa a kan buzu, ya faɗi amsa, ta kuwa yi daidai. Tun daga ranar ya juyo da fuskarsa.

Tsarin zamanmu irin na kowane gida ne. Samari a gaba, su ne masu ɗaga murya, kowa yana kare sunan makarantar da ya yi. Iyayenmu mata a baya, ba su jin Turanci amma suna bin lambobin maki, sun kuma san cewa in fuskar yaro ta faɗi to an rage masa. 'Yan mata kuwa a bakin ƙofa, ido a talabijin, hannu a kan aiki.

A wata karawa, shekaru kaɗan da suka wuce, aka zo zagayen kacici-kacici. Aka karanto alama ta farko, samari suka yi ta harbi a duhu. Aka karanto ta biyu, babu wanda ya dace. Ana cikin ta uku, wadda ta ambaci jinin mutum, sai ƙanwarmu da ke aji na ƙarshe a ƙaramar sakandare, tana zaune da faifan shinkafa tana tsincewa, ta ce a hankali, "Ƙarfe ne." Ɗaya daga cikin yayyenta ya waiwayo ya ce, "Ke, yi mana shiru, manya na magana." Ta sunkuyar da kai. Ba a jima ba ƙararrawa ta kaɗa, ɗalibi ya faɗi abin da ta faɗa, aka ba shi makinsa. Samari suka ci gaba da hayaniyarsu, babu wanda ya tuna da ita.

Ashe Malam ya ji. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ta, ba ya kiran sunanta. Ya ce, "Uwata, me kika ce ɗazu?"

Ta ce, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "Na ji ki. Ina kika san shi?"

Ta ce an koya musu cewa akwai sinadarin ƙarfe a cikin abin da ke sa jini ya yi ja, shi ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, kuma ƙarancinsa ne ke sa a ce mace mai ciki ba ta da isasshen jini. Inna da ke bayanta ta ce, "Ikon Allah! Shi ne ƙwayoyin da ake ba mu a wurin awo?" Ta ce, "Su ne, Inna."

Malam bai ƙara magana ba sai bayan sallar Isha'i, lokacin da ya tara mu ya ba mu labarin da ya zo a Sahihul Bukhari, a littafin ilmi. Manzon Allah (SAW) ya taɓa jefa wa sahabbansa tambaya a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ya kamanta ta da Musulmi. Hankalin mutane ya tafi ga itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda yaro ne a lokacin, ya faɗo masa a rai cewa dabino ne, amma ya ji kunyar magana a gaban manya. Da aka kasa, Annabi (SAW) ya faɗa musu cewa dabino ne. Daga baya yaron ya gaya wa mahaifinsa abin da ya zo masa a rai, Sayyidina Umar kuwa ya nuna masa cewa da ya faɗa, da hakan ya fi soyuwa gare shi a kan dukiya mai yawa.

Sannan Malam ya dubi yayan nan ya ce, "Kai ka ji. Umar bai yaba wa ɗansa a kan shirun ba."

Abin da mu 'ya'yansa muka sani, wanda ita ba ta sani ba, shi ne a watannin nan ana maganar in ta gama aji uku a tsayar da karatun haka nan, ta riƙa bin gwaggonmu kasuwar Aboabo har Allah ya kawo miji. Ba don mugunta ba. Babu dai wanda ya san akwai wani abu a kanta da ya wuce na sauran, domin babu wanda ya taɓa tambayarta. Takardar sakamakonta takan zo da Turanci, a duba a ajiye. Daga daren nan maganar kasuwa ta mutu, Malam da kansa ya ce a nemo masa malaminta na kimiyya su gana. Ta shiga babbar sakandare ɓangaren kimiyya, ta kuma gama lafiya.

Tambaya gadonmu ce

Wasu daga cikin 'yan'uwa suna ganin wannan kallo shagala ce da aka kawo mana daga waje. Muna girmama taka-tsantsan ɗinsu, domin ba duk abin da ke fitowa daga akwatin nan ne ya dace da gidan Musulmi ba. Sai dai koyarwa ta hanyar tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Imamul Bukhari ya ware babi guda a kan shugaba ya jefa wa mutanensa tambaya domin ya gwada abin da ke wurinsu na ilmi, kuma hadisin dabinon nan ne ya kawo a ƙarƙashinsa. Malaman fiƙihu sun wallafa littattafai a kan mas'alolin da aka tsara su kamar kacici-kacici domin wasa ƙwaƙwalwar ɗalibi. Kakanninmu mata kuwa, kafin lantarki ya zo, da kacici-kacici suke buɗe hirar dare kafin a shiga tatsuniya. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986 ita ma gasa ce, kuma duk mahaddacin da ya taɓa sauraronta ya san yadda leɓensa ke motsi tare da na mai karatu.

Haka kuma fannonin da ake tambaya a kansu ba haramiyarmu ba ne. Sunan aljabra daga littafin Alkhawarizmi ya samo asali, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Ibnul Haisam ya yi bayanin yadda haske ke shiga ido a ƙarni na 11. A ƙasar Hausa ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron da ya iya haddace izu sittin, ƙwaƙwalwarsa ba za ta gaza riƙe jadawalin sinadarai ba.

Akwai ma ladabin ilmi da gasar ke koyarwa ba tare da wa'azi ba. A zagayen gaskiya ko ƙarya, wanda ya amsa daidai yana samun maki 2, wanda ya yi kuskure a cire masa 1. A zagayen tsere ma gaggawar kaɗa ƙararrawa ba da sani ba tana jawo asara. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. A gidanmu mun mai da wannan doka: wanda ya ce bai sani ba ba a yi masa dariya, wanda ya yi shaci-faɗi da ƙarfin murya shi ake ja wa kunne.

Rabon arewa

Daga 1994 zuwa 2025 babu makarantar arewacin Gana da ta ɗauki wannan kofi. Makarantar Presbyterian ta maza da ke Legon, wadda ake kira Presec, ta ɗauka sau 8 zuwa 2023, Mfantsipim ta Cape Coast kuma ta ɗauka a 2024 da 2025. Wannan yana yi mana zafi, amma yana da tarihi. An kafa Mfantsipim a 1876, ita kuwa Tamale Senior High School, wato Tamasco, wadda ita ce sakandaren gwamnati ta farko a arewa, sai a 1951 aka buɗe ta. Tazarar shekara 75 ke nan. Makarantun kudu suna da tsofaffin ɗalibai masu hali da ke tara kuɗi domin horar da 'yan gasa da gyara ɗakunan gwaje-gwaje.

Duk da haka sannu ba ta hana zuwa. A 2021 Tamasco ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, inda ta kara da Keta Senior High Technical da Wesley Girls. A ranar an manta da hamayyar Tamasco da Ghanasco, duk Tamale baki ɗaya aka zama. Keta ce ta wuce, kuma a tawagarta akwai yarinya, Francisca Lamini, wadda ta zauna a karawar ƙarshe a Kumasi tana fuskantar Prempeh da Presec, makarantun maza zalla. 'Yan matan gidajenmu sun gan ta, kuma ba su manta ba.

Tun da aka soke kuɗin babbar sakandare a 2017, uzurin kuɗin makaranta ya ragu ƙwarai, ko da yake akwai sauran ɗawainiya a kan iyaye. Makarantu kuma suna kusa da mu, har a nan Vittin akwai sakandare, ga Anbariya da sauran makarantun da suka haɗa ilmin addini da na zamani, ga Jami'ar UDS da aka kafa a 1992, ga babban asibitin koyarwa na Tamale. Mukan yi ƙorafi in matanmu suka je asibiti ba su samu likita mace ba. Likitar nan da muke nema wataƙila ita ce zaune a bakin ƙofa da faifai a hannu.

Shawara ga iyaye

Na farko, salla tana gaba da komai. Wasu karawar sukan ci karo da La'asar ko Magariba. A gidanmu da zarar ladan ya ɗaga murya ake kashewa, ko da kuwa ana tsakiyar kacici-kacici na ƙarshe. Babu asara a ciki, domin ana samun karawar daga baya a YouTube da Facebook.

Na biyu, uba ya zauna. Rashin jin Turanci ba ya hana. Ka sa ɗanka ko 'yarka ta fassara maka tambayar, ta kuma yi maka bayanin amsar da Hausa. Wanda ya iya bayyana abu da harshen gidansu shi ne ya fahimce shi, wanda ya kasa kuwa hadda kawai ya yi. A zama ɗaya za ka san abin da takardar sakamako ba ta gaya maka ba.

Na uku, a raba dama. A ajiye aikin gida na wannan sa'a, ko a raba shi tsakanin maza da mata. In an yi tambaya a fara da ƙarami kafin babba, kowa kuma da takarda da biro. Kunya ado ce, kuma tana cikin imani, amma malamai sun daɗe da gargaɗin cewa kunyar da ke hana neman ilmi ba abar yabo ba ce. Yaro yana iya faɗin amsa a gaban mahaifinsa cikin ladabi, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya zubar da tarbiyya ba.

Na huɗu, a kiyayi abin da ke ɓata zaman. Ba'ar da ake yi tsakanin makarantu tana da daɗi in ta tsaya a raha, amma ɗaliban da suka faɗi 'ya'yan wasu ne, bai halatta a mai da su abin izgili a waya ba. Sa kuɗi a kan wace makaranta za ta ci caca ce, ko da an yi mata suna mai daɗi. Kada kuma a wulaƙanta yaron da bai iya amsa ko ɗaya ba. Tambayoyin nan an tsara su ne domin zaɓaɓɓun ɗaliban ƙasa, kuma Allah ya raba baiwa: wani a lissafi, wani a harshe, wani a sana'ar hannu.

Na biyar, kada abin ya ƙare da ƙarewar kakar gasa. Mu dai mun mai da daren Alhamis bayan Isha'i daren tambayoyi. Malam yakan kawo biyar daga Ahalari ko Ishmawi ko tarihin Annabawa, 'yan makaranta su kawo biyar daga littattafansu, Inna kuma ta rufe da kacici-kacici irin na da, wanda sau da yawa shi ke kayar da masu takardun. Ladan wanda ya ci bai wuce ƙwai biyu a shayin safe ba, amma a kansa ake kwana ana bita.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Ya'yanmu amana ce, kuma za a tambaye mu a kan abin da muka yi da baiwar da Allah ya ajiye a cikinsu. In kakar gasa ta sake zagayowa, muna roƙon kowane magidanci ya rage sautin samari kaɗan, ya kasa kunne wajen bakin ƙofa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani duniya da lahira, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.